Darasin Lafiya: Maganin Zuciya Marar Rajista, Samuwarsa da Ainihin Tsadarsa

Darasin wannan fitowa na gidan da yake da mai ciwon zuciya ne, musamman wanda aka yi wa aiki aka sa masa bawul na ƙarfe, abin da likitocin nan suke kira sammam. Wanda ba shi da irin wannan majinyaci a gida, don Allah ya karanta wa maƙwabcin da yake da shi.

Aikina tafinta ne a teburin kariya, amma sau da yawa magani ake kawo mini in karanta. Kwanakin baya wata dattijuwa da ta yi hijira daga Jazira ta kwance bakin mayafinta ta fito da ƙullin leda, a ciki akwai ƙwayoyi masu ruwan hoda, babu kwali babu takarda. Ta ce, "Ɗana, duba mini, wannan shi ne irin wanda 'yata take sha a da?" 'Yar tata an sa mata bawul tun kafin yaƙi, maganinta ya ƙare, wani ya samo musu wannan a kasuwa. Na ce, "Iya, ni ba likita ba ne, kuma ko likita ba zai gane ƙwaya tsirara da ido ba." Muka raka su asibitin sansani, aka auna jinin yarinyar, aka tarar bai tsinke yadda ake so ba. Allah ya sa sun zo da wuri, aka gyara mata. Daga nan na zauna da ma'aikatan lafiya na yi musu tambayoyi, shi ne na tattara wannan darasi.

1. Mene ne magani marar rajista?

A Sudan, Hukumar Magunguna da Guba ta Ƙasa ce take yi wa magani rajista, a ƙarƙashin dokar magunguna ta 2009. Kafin ta yarda a sayar da magani, sai ta san masana'antar da ta yi shi, da abin da yake cikinsa, da wanda zai shigo da shi ƙasa. Ita ce kuma take yanke wa mai rajista farashi.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba maganin da ake jin tsoronsa gida uku. Na ɗaya, marar inganci: yana da izini, amma bai cika ƙa'ida ba, ko ya lalace a hanya. Na biyu, jabu: an yi ƙarya da gangan a kan sunansa, ko abin da yake ciki, ko inda ya fito. Na uku, marar rajista: hukumar ƙasar da ake sayar da shi ba ta duba shi ba, ba ta kuma amince da shi ba.

Marar rajista yana iya zama mai kyau a ƙasar da aka yi shi. Matsalar ita ce babu wanda ya tsaya masa a nan. Ba a san ta ina ya biyo ba, ko kwana nawa ya yi a bayan mota cikin rana, in kuma ya yi ɓarna babu wanda za a tuhuma. A kasuwannin Sudan ana kiran maganin da aka shigo da shi ta ɓarauniyar hanya da suna boko. Mu Hausawa mun riga kowa sanin wannan kalma, tun daga amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a fito da ita alhali ta gasken tana wani wuri.

2. Me ya sa ya cika kasuwa?

Kafin yaƙi, yawancin masana'antun magani na Sudan da kamfanonin da suke shigo da shi a Khartum suke, musamman Bahri. Babban rumbun gwamnati na magunguna, wanda aka fi sani da Imdadat, shi ma a can yake. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, masana'antu suka tsaya, aka wawashe rumbuna da dama. Madani ta zama madogara na ɗan lokaci, ita ma ta faɗa cikin faɗa a Disamba 2023. Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yuni 2024, sai gabashin Jazira a Oktoba na shekarar. Kowane karo jama'a suka ƙaru a garin Gadarif da Faw da Hawata, masu neman magani suka yi yawa, maganin ya yi kaɗan.

Kuɗin ƙasa kuma ya karye. Kafin yaƙi dala ɗaya kusan fam 600 ce, a cikin 2024 ta wuce fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Da dala ake sayo magani daga waje, don haka farashinsa ya bi ta. Jihar nan tana iyaka da Habasha ta Gallabat, babbar hanyar Kassala da Bur Sudan ta ratsa ta, kaya na shigowa ta kowace kusurwa. Inda mai rajista ya yanke, nan boko yake shiga.

Wanda ya saya wa ɗansa boko ba don sakaci ya saya ba, don ya rasa ne. Ba mu rubuta wannan don ganin laifin kowa ba.

3. Me ya sa maganin zuciya ya fi sauran hatsari?

Yawancin waɗanda aka sa wa bawul a ƙasar nan, ciwonsu ya faro ne daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba, wanda daga baya ya ɓata ƙofofin zuciya. Da yawa an yi musu aikin kyauta a Cibiyar Salam da take Soba, kudu da Khartum, wadda ƙungiyar EMERGENCY ta ƙasar Italiya ta buɗe a 2007. Jini yana son daskarewa a jikin ƙarfe, shi ya sa mai bawul na ƙarfe zai sha maganin tsinka jini mai suna warfarin har iya rayuwarsa. Shi ne ake kira habub as-suyula a kantin magani.

Warfarin kamar gishiri yake a miya, sai dai kuskurensa ba ɗanɗano yake ɓatawa ba, rai yake taɓawa. In ya yi kaɗan, jini ya daskare ya toshe bawul, ko gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. In ya yi yawa, jini ya ɓalle a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Ba a gane inda aka tsaya sai da gwajin jini mai suna INR, wato fahas as-suyula. Lafiyayyen mutum yana kusan 1. Yawancin masu shan warfarin ana so su tsaya tsakanin 2 da 3, wasu masu bawul na ƙarfe tsakanin 2.5 da 3.5. Likita ne yake faɗa wa kowa nasa.

Ga tarkuna huɗu da suke tattare da wanda aka sayo a waje.

Tarkon launi. A tsarin Ingila, ƙwayar warfarin mai ruwan ƙasa miligiram 1 ce, shuɗiya 3, mai ruwan hoda 5. A tsarin Amurka kuwa, mai ruwan hoda miligiram 1 ce, shuɗiya 4. Wanda ya saba da ruwan hoda ta miligiram 5, in aka ba shi ruwan hoda ta miligiram 1, kashi ɗaya cikin biyar na maganinsa yake sha bai sani ba. In aka juya lamarin, ninki biyar yake sha. Lambar miligiram ake karantawa, ba a bin launi.

Tarkon suna. Akwai wani maganin tsinka jini mai suna acenocoumarol, ana sayar da shi da sunan Sintrom a wasu ƙasashe, 'yan uwa da suke waje sukan aiko da shi. Ya fi warfarin ƙarfi in aka auna miligiram da miligiram. Ba a musanya ɗaya da ɗaya sai da likita da gwaji.

Tarkon "sabon magani". Mai sayarwa zai ce yana da na zamani, irin su rivaroxaban ko dabigatran, wanda ba ya bukatar gwajin jini. Waɗannan magunguna ne na gaske, suna da waɗanda suke yi wa amfani, amma ba a ba mai bawul na ƙarfe. An gwada dabigatran a kan masu bawul na ƙarfe, aka dakatar da gwajin tun bai ƙare ba, domin daskarewar jini da zubarsa duka sun ƙaru. An fitar da sakamakon a 2013. A 2022 kuma wani bincike a kan mutum sama da 4,500 a ƙasashe 24, masu ciwon ƙofofin zuciya irin wanda ciwon maƙogwaro yake haifarwa tare da rikicewar bugun zuciya, ya nuna waɗanda suka sha rivaroxaban sun fi mutuwa a kan masu shan warfarin da danginsa. Ga tsada, ga ƙarin hatsari.

Tarkon zafi da rashin inganci. Yawancin ƙwayoyi ana so a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba, alhali Gadarif tana haura 40 a bazara. Ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe tana saurin rasa ƙarfinta in aka fitar da ita daga kwalbarta. A 2017 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe goma na Afirka, har da Nijar, a kan magungunan zuciya iri bakwai. Cikin samfuri 1,530 da aka auna, 249 ba su cika inganci ba, wato kusan ɗaya cikin shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma a shekarar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita marar inganci ne ko jabu.

Mai rajista ma yana iya zuwa da matsala. A farkon 2012 a birnin Lahor na Pakistan, wani maganin zuciya da aka raba wa majinyata ya gauraya da maganin zazzabin cizon sauro tun a masana'anta, mutum sama da 200 suka rasu. Abin da ya tsayar da ɓarnar shi ne an bi sawun maganin har aka gano rukunin da ya gurɓace, aka janye shi. Ƙwayar da take cikin leda ba ta da sawun da za a bi.

4. Yadda ake lissafin tsadarsa

Magani marar rajista ba shi da tsayayyen farashi. Mai shi yana duban fuskar mai saye ne ya yanka. Wani lokaci ya fi na kanti arha, wani lokaci ya ninka shi, musamman in ya ga an matsu. Kafin a miƙa kuɗi, a yi lissafi uku.

Na farko, kwana nawa zai yi? A ce likita ya rubuta miligiram 5 kullum. Kati mai ƙwaya goma ta miligiram 5 zai yi kwana goma. Kati mai ƙwaya goma ta miligiram 1 kwana biyu kawai zai yi. Ko da an sayar da na biyun a rabin kuɗin na farko, kuɗin magani na kwana goma ya zama ninki biyu da rabi.

Na biyu, duk lokacin da aka sauya irin warfarin, sai an sake gwajin jini cikin 'yan kwanaki. A haɗa kuɗin gwajin da na raksha ko mota zuwa da dawowa.

Na uku, in maganin ya gaza fa? Kwanciya asibiti, neman jini, mai jinya ya bar sana'arsa, ko mutum ya shanye ya koma sai an kwantar an tayar. Bawul in ya toshe, sau da yawa sai an sake buɗe ƙirji, wuraren da suke irin wannan aiki kuwa kaɗan ne a ƙasar nan. Hausawa suka ce arha ba ta ado.

5. Ina ake samun na gaskiya?

A fara da asibitin sansani ko ma'aikatan lafiya masu zagayawa wuraren saukar masu hijira. A sa sunan majinyaci cikin jerin masu ciwo mai daɗewa, domin da wannan jerin ake neman magani a ware wa wuri. Wanda ba a rubuta ba, ba a lissafa da shi. In ba su da maganin, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Gadarif ko inda suka ga ya dace.

Waɗanda aka yi wa aiki a Cibiyar Salam su sani cewa bayan ɓarkewar yaƙi ƙungiyar ta buɗe ƙananan asibitocin duba masu ciwon zuciya a Atbara da Kassala da nan Gadarif, don bibiyar majinyatanta da gwajin jini da maganin tsinka jini, kuma aikinta kyauta ne. A tambayi ma'aikatan lafiya wurin da ranakun zuwa kafin a kashe kuɗin mota. A tafi da katin aiki da littafin gwajin jini. Wanda takardunsa suka ɓata a hanya ya je duk da haka, ya faɗi cikakken sunansa da shekarar da aka yi masa aiki.

A fara neman sabon magani tun saura na kwana goma. Ranar da kati ya ƙare ba ranar fara nema ba ce. Masu shirin komawa Madani ko Sinja ko Mai Wurno ko Khartum su ga likita kafin tafiya, su yi gwaji, su karɓi abin da zai kai su, su kuma tambayi inda za su ci gaba da gwaji a can.

6. In ya zama dole a saya

Tsayar da warfarin da kai hatsari ne babba. Wanda yake shan na kasuwa yanzu, kada ya zubar da shi yau ya zauna babu komai. Ya ɗauko shi da ledarsa ko kwalinsa ya kawo asibiti yau ko gobe, a duba, a auna jini. Babu wanda za a kama ko a kunyata don ya kawo.

In asibiti ba su da shi, sai an saya:

A saya a kantin magani mai lasisi, wato saidaliyya, da takardar likita. Kada a saya a tebur ko a hannun mai yawo.

A tambayi mai kantin kai tsaye: wannan mai rajista ne ko boko ne? Wace ƙasa ta yi shi?

A karɓa a cikin katinsa, ba ƙwaya tsirara ba. A duba sunan maganin, da miligiram, da lambar rukuni inda aka rubuta LOT ko B.N., da ranar ƙarewa inda aka rubuta EXP. Abin da yake jikin kati ya zo daidai da na jikin kwali.

A ƙi karɓar wanda rubutunsa ya goge, ko aka manna masa takarda a kan kwanan wata, ko ƙwayar ta farfashe, ta jiƙe, ko ta sauya launi.

A ɗauki hoton kwalin da waya, a ajiye tsohon kati don kwatantawa.

A yi gwajin jini cikin mako ɗaya da fara sabon.

A ajiye magani a inuwa, nesa da murhu da rufin tanti, inda yara ba sa kaiwa.

7. Abin da mai shan warfarin zai kiyaye

A sha a lokaci ɗaya kullum. In an manta aka tuna a ranar, a sha. In har gari ya waye, kada a ninka.

Kada a haɗa shi da asfirin, ibuprofen ko diclofenac ba da sanin likita ba. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi ƙwarai, maganin tarin fuka mai suna rifampicin kuma yana rage masa. Duk inda aka je neman magani, a fara da cewa, "Ina shan warfarin."

Ganye irin su lalo, wanda ake kira khudra a nan, da jirjir da alayyafo da zogale suna rage masa ƙarfi. Ba a hana ci ba. Abin da ake so, a riƙa ci daidai gwargwado, kada a kwana biyu ba a ci ba sannan a cika kwano kullum.

Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya. Cire haƙori da allurar tsoka, har da allurar penisilin ta wata-wata, sai likita ya san ana shan warfarin.

Matar da take shansa, in tana son ɗaukar ciki ko ta ga batan wata, ta ga likita nan da nan, domin yana iya cutar da ɗan tayi a watannin farko. Kada ta tsayar da shi da kanta.

A garzaya asibiti ko da tsakar dare in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari ko a amai, haɓo da ya wuce minti goma bai tsaya ba, jinin al'ada da ya wuce ƙima, matsanancin ciwon kai, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana, numfashi ya ƙi farat ɗaya, ko ƙarar bawul da aka saba ji ta dushe. Masu shan digoxin kuma, in suka ga amai, ko bugun zuciya ya yi sanyi, ko abubuwa suna yi musu rawaya a ido, su ma su zo.

8. Hakkinku

Taimakon ƙungiyoyin agaji kyauta ne. Babu ma'aikaci ko ɗan sa kai ko shugaban unguwa da yake da ikon neman kuɗi, ko katin abinci, ko wata alfarma ta jiki, kafin ya ba da magani ko ya rubuta suna. Wanda aka yi wa haka ya zo teburin kariya ko ya jefa takarda a akwatin ƙorafi. Ana riƙe sirri, kuma kai ƙara ba ya rage wa kowa taimako.

Gidan da kuɗin magani ya kai su ga sayar da abincinsu, ko cin bashi mai nauyi, ko tura yaro aikatau, ko tunanin aurar da yarinya, su zo mu zauna tun kafin a yanke shawara. Ba kowace bukata muke iya biya ba, amma muna rubutawa mu tura inda ya dace.

Tambayoyin bita, a tattauna a gida

1. Mene ne bambancin magani jabu da marar rajista?
2. Miligiram nawa majinyacinku yake sha kullum, kuma tsakanin nawa da nawa ake so gwajin jininsa ya tsaya?
3. Maganin da yake hannunku yau, kwana nawa ya rage masa?
4. In ya fara haɓo da dare bai tsaya ba, wa zai raka shi, kuma ina za a kai shi?

A rubuta amsar ta biyu a takarda, da Larabci ko da Hausa, a sa a aljihun majinyaci, wani mutum na biyu a gidan shi ma ya haddace ta. Mai bukatar a karanta masa kwalin magani ya kawo teburin kariya, mu raka shi wurin ma'aikatan lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da mu gidajenmu lafiya.